Yaron shago da kwamfuta: Windows Home zan saya ko Pro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Zariya, zan ƙaro kwamfuta ta hannu saboda yaron da ke taya ni aiki. Wadda muke da ita ya cika ta da wasanni har ta yi nauyi. Ranar nan wata ɗaliba ta gaji da jiran ta buɗe, ta kwashi takardunta ta shiga shagon maƙwabci. So nake in ya shiga, Word da Excel da CorelDRAW kawai zai iya buɗewa. Mai sayarwa ya nuna mini guda biyu, ɗaya Windows 11 Home, ɗaya Pro mai ɗan ƙarin kuɗi. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ɗauki ta Pro. Abin da ke ƙayyade manhajojin da mutum zai buɗe, wanda ake kira Group Policy, babu editansa a Home.

Amma kafin a je can, gyara tushe. Yawancin shagunanmu asusu ɗaya ne kowa ke shiga, kuma na mai gida ne, wato Administrator. Buɗe wa yaron nasa asusun, nau'in Standard, ka sa wa naka kalmar sirri da kai kaɗai ka sani. Daga nan duk manhajar da ke son shiga cikin tsarin kwamfutar sai ta nemi kalmarka. Wannan ko a Home ana yi.

Sauran aikin a Pro yake. Ka'idar da za ka kunna a cikin Group Policy sunanta Run only specified Windows applications, tana ƙarƙashin User Configuration, sai Administrative Templates, sai System. Kana kunna ta ka rubuta sunan fayil ɗin kowace manhaja: winword.exe, excel.exe, CorelDRW.exe. Kar ka manta da manhajar firinta da ta sikana, in ba haka ba yaron zai kira ka kana tsaka da cin abinci ya ce takarda ta ƙi fita.

Ga inda nake roƙonka ka nutsu. In ka sa ka'idar kai tsaye ta gpedit.msc, wato editan Group Policy, har asusunka za ta kama, sai ka kulle kanka a waje da mukulli a ciki. Ta mmc ake bi, wato wata tagar sarrafa Windows, a ƙara editan Group Policy a cikinta, a zaɓi Non-Administrators, ta hau kan yaron kawai. In hannunka bai saba ba, biya mai gyara ya yi a gabanka, bayan ya tafi ka canza kalmar sirrin.

Ka kuma sani sunan fayil kawai wannan ka'ida ke dubawa. Yaro mai wayo zai iya zuwa da wasa a filas ya sauya masa suna zuwa winword.exe. Don haka ka zaunar da shi ka faɗa masa dalili. Kwastoman da ya tafi, har da abincin yaron ya tafi da shi. In mai sayarwa ya ce maka a yi kiyos, wato tsarin kulle kwamfuta a kan takamaiman aiki, ka ce a'a: wanda ke cikin Settings manhaja ɗaya tak yake ɗauka, kai kuwa uku kake so.

Kafin ka miƙa kuɗi, buɗe Settings ka shiga Activation, ka gani da idonka Pro ce kuma an kunna lasisinta. In aka kawo maka mai Windows 10 da araha, tuna cewa Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025.

Tambaya: Malam, ɗana na shirin JAMB, amma wasa ya ɗauke masa hankali. Kwamfutar gidanmu Home ce. Sai na sayi wata?

Amsa: A'a Hajiya, adana kuɗinki. Microsoft Family Safety kyauta ce kuma tana aiki a Home. Ki buɗe masa asusun Microsoft na yaro a ƙarƙashin naki, daga wayarki za ki ga manhajojin da ya buɗe, ki toshe wasannin ɗaya bayan ɗaya ko ki yanka musu lokaci. Ki bar masa manhajar gwajin tambayoyi a buɗe, tun da jarrabawar kanta a kwamfuta ake yin ta, yana buƙatar hannunsa ya saba da linzami da madannai. Shi ma asusunsa ya zama Standard, kar kuma ki rubuta kalmar sirrinki a bayan kalanda.