Shin Launin Kayan Lambu Yana Kare Baki Daga Ciwon Daji?

Tambaya: Maigidana ya shekara ashirin yana shan taba, kuma kusan wata biyu ke nan da wani farin tabo ya fito masa a cikin kumatu. Na ji an ce sinadaran da ke ba karas da tumatir launi suna hana ciwon dajin baki. Shin in saya masa ƙwayoyinsu a kantin magani? Daga wata mai karatu, Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Malama, abin da kika ji yana da tushe. Ruwan ɗorawar karas da manja daga bita-karotin yake, jan tumatir da kankana daga laikofin, jan zoɓo kuwa daga antosayanin. Ana kyautata zaton waɗannan sinadarai suna rage ɓarnar da hayaƙi da sauran guba ke yi wa ƙwayoyin fatar baki, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace ba su cika kamuwa da wannan ciwo kamar waɗanda ba sa ci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 a kullum, abin da ba zai gagari mai zuwa kasuwar Farin Gada ba. Jiki ma ya fi tsotsar laikofin idan an soya tumatir da ɗan mai, don haka miyar dage-dagen da kike yi ta riga ta yi rabin aikin.

Ƙwayoyin kanti kuwa ban ba ki shawarar sayensu ba. A 1994 an fitar da sakamakon wani gwaji a ƙasar Finlan a kan maza mashaya taba kimanin 29,000, inda aka ga ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka ba ƙwayar bita-karotin.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne tabon nan. Duk tabo fari ko ja, ko gyambon baki da ya wuce mako uku bai warke ba, likita ne ya kamata ya gani, domin wani lokaci sai an yanki ɗan nama an auna kafin a san ko mene ne. Ki lallashi maigida ku je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a wannan makon, kuma ya nemi taimakonsu wajen barin taba, ta sha da ta gari da ake cusawa a leɓe.