Shiga Navy Federal bayan karayar arziki

Dan uwa, ka ce kotu ta yafe maka basussuka a Chapter 7, wato wani sashe na dokar karayar arziki ta Amurka, kana tambaya ko Navy Federal, wato bankin hadin gwiwa na sojojin Amurka da iyalansu, za su karbe ka tunda babanka tsohon sojan Amurka ne. Eh, ka cancanta ta wajensa. Abin dubawa shi ne, akwai bashinsu cikin wanda aka yafe? In akwai to da wuya fa, har sai ka biya su asararsu, in babu kuwa ka bude asusun ajiya da dala 5 kawai. Kada ka yi saurin neman katin bashi don Allah, shekara 10 tabon karayar arzikin nan yake yi a rahoton tarihin bashinka. Fara da katin jingina, wato katin bashin da sai ka ajiye kudi kafin a ba ka, ka ajiye dala 200, ka rika biya kan lokaci.