Amsa: Kunna ƙananan injinan DC da Arduino ta hanyar rile

Malam, ka tambaya ko za ka iya haɗa rile (makunnin da wutar lantarki ke sarrafawa) huɗu kai tsaye da Arduino Uno (ƙaramin allon lantarki da ake tsara wa umarni) domin kunna ƙananan injinan DC. Ba na ba ka shawarar yin haka, domin bai kamata ƙafar Arduino (wurin da ake jona waya a allon) ta ba da wutar da ta fi 20mA ba, alhali koyil (naɗin wayar da ke ciki) ɗin rile mai 5V yakan ja kusan 70mA. Ka sanya taransista (ƙaramin makunnin lantarki) irin 2N2222 a tsakanin ƙafar Arduino da rilen, sannan ka gitta dayod (mai barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai) 1N4007 a kan koyil ɗin, saboda wutar da ke dawowa yayin kashewa tana iya ƙona taransistan. Abin da ya fi damu na shi ne wutar injinan, don haka ka ba su batirinsu daban. Rile kunnawa da kashewa kawai yake yi. Idan rage gudu kake so, sai ka nemi L298N, wato allon sarrafa gudun inji.