Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Jakara kogi ce ko kwata?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni 'yar Maraɗi ce aure ya kawo ni Kano, kullum sai in ji ana Jakara Jakara, ranar da maigida ya kai ni kasuwar Kurmi na ce ya nuna min ita kawai sai ya nuna min kwalta. Dan Allah kogi ce ko kwata?
Daga wata mai karatu a Fagge

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, barka da zuwa. Maigidan naki ba tsokanarki yake ba, ruwan na nan a ƙarƙashin kwaltar da ya nuna miki, zamanin mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka rufe wannan ɓangaren da kankare aka shimfiɗa titi a kai.

Asalinta rafi ce, kuma ta girmi ganuwa. A tarihin Kano ana ce wa wajen Kurmin Baƙin Ruwa, duhuwar itatuwa ce da mutanen Barbushe, jagoran mazauna Dutsen Dala kafin zuwan Musulunci, ke girmamawa, kuma a gefenta Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa kasuwar da kika je, kin ga inda sunan Kurmi ya samo asali kenan.

Daga cikin birni take bi ta Fagge ta yi arewa maso gabas, can gaba rafin Getsi ya shigo mata da ruwan masana'antun Bompai, su tafi tare har dam ɗin Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir, duk cikin yankin ruwan kogin Haɗeja. To a hanyar nan ne ta koma abin da mutane ke kira kwata, ruwan wanke-wanke da na banɗaki da na mayanka da leda duk ita ke kwashewa, wanda ya san ta kafin a rufe zai gaya miki da damina sai ka toshe hanci ka wuce da sauri, ga sauro ba a magana.

Amma fa ni ba na yarda a raina ta. Ki leƙa wajen Kwakwaci da rani ki ga lambu kore shar, injin ban ruwa na ta ƙara, salak da kabeji da alayyahu, mutane da yawa da ita suke ci da iyalinsu, kuma ba mamaki salak ɗin da kika saya jiya daga can ya fito. Shi ya sa ki riƙa wanke shi sosai da ruwan gishiri, duk da dai gaskiya gishiri ba ya fitar da sinadarin masana'anta da ganyen ya riga ya sha.