Salon feda na asali a jitar pedal steel: yaya ake fitar da shi?

Tambaya: Malam, ina koyon jitar pedal steel (jitar da ake shimfiɗewa a kaɗa da sandar ƙarfe, mai fedoji na ƙafa da ke sauya sautin tsirkiya) mai tsirkiya 10 da ɗaurin E9 (tsarin saita sautin tsirkiyoyinta). Ina son salon nan na kiɗan country da sauti ke miƙewa sama kamar kuka, amma nawa a yanke yake fita. Ina gyaran yake?

Amsa: Salon da kake nufi ya samo asali ne daga Bud Isaacs, wanda ya kaɗa shi a waƙar “Slowly” ta Webb Pierce da ta yi tashe a Amurka a 1954. Kafin shi, makaɗa kan taka feda ne don sauya ɗaurin tsirkiya kafin su kaɗa, shi kuwa sai ya taka ta a daidai lokacin da tsirkiyar ke amo, har kunne ya ji sautin yana hawa.

Ɗora sandar ƙarfen daidai kan layi na 3 (alamar fret ta uku a wuyan jitar), kada ka ja ta bayansa kamar yadda ake danna jita ta gama-gari. Kaɗa tsirkiya ta 3 da ta 4 da ta 5 tare (ana ƙirgawa ne daga wadda ta fi nisa da jikinka), za ka sami haɗin sautuka (chord) na G. Yayin da amon bai mutu ba, taka feda A da B da ƙafar hagu. Feda A tana ɗaga tsirkiya ta 5 da cikakken mataki, B tana ɗaga ta 3 da rabin mataki, ta 4 kuma tana nan inda take, sai haɗin ya koma C. Zaman da tsirkiya ta 4 take yi yayin da biyun ke hawa shi ne abin da ke ba salon daɗinsa.

Mafi yawan masu koyo a nan suke tuntuɓe, domin suna taka feda tare da kaɗawa, sai hawan ya ɓace. Kaɗa tukuna, dakata kaɗan, sannan ka sauke ƙafa a hankali har fedar ta kai ƙarshenta, saboda idan ta tsaya a rabi sautin zai karkace. A ganina ya fi kyau ka riƙe B a ƙasa, ka riƙa mirgina ƙafa zuwa A ka dawo, tun da makaɗa Buddy Emmons da Jimmy Day sun raba feda ɗaya ta Isaacs gida biyu, A da B, ne don irin wannan.

Fedar ƙarfin sauti da ke ƙafar dama kuma, ka sassauta ta lokacin kaɗawa, ka ƙara ta kaɗan-kaɗan yayin da amon ke raguwa.