Yadda za a riƙe ƙungiyar masu ciki da masu jego ta 'yan sa-kai a unguwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar Islamiyyar matan aure ce a wata unguwa cikin Zariya. Bara wata ɗalibata ta rasu wajen haihuwa, shi ne ni da wasu mata uku muka soma tara masu ciki da masu jego a gidana domin mu riƙa faɗakar da su, kuma babu mai biyan mu. Da farko tsakar gida takan cika, amma yanzu masu zuwa ba sa wuce biyar ko shida. Wasu suna tambaya ko akwai abin da za a raba, wasu kuma mazajensu ne suka hana su fitowa. Ga shi ɗaya daga cikinmu ta fara faɗa wa mata maganin da za su saya a kemis, abin da hankalina bai kwanta da shi ba. Ta yaya za mu riƙe wannan zama ya ɗore, ya kuma yi amfani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan ɗalibarki, ya saka muku da alheri a kan wannan niyya. A matsayina na ma'aikaciyar jinya mai karɓar haihuwa, ina tabbatar miki cewa aikin da kuka ɗauko yana da tushe, domin an gwada irinsa an ga amfaninsa. A gundumar Makwanpur ta ƙasar Nefal an kafa ƙungiyoyin mata a ƙauyuka, kuma sakamakon da aka wallafa a 2004 ya nuna mutuwar jarirai a watansu na farko ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a wuraren da ƙungiyoyin suka yi aiki. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa kafa irin su, musamman a karkara inda asibiti yake da nisa. Abin lura shi ne matan da suka jagoranci zaman a can Nefal ba ma'aikatan lafiya ba ne. Aikinsu shi ne su sa mata su faɗi matsalolinsu da bakinsu, su zaɓi wadda ta fi damun su, su yanke abin da za su yi a kai, daga baya su dawo su duba ko an yi. Ta haka wasu suka buɗe asusun taimakon masu naƙuda, wasu suka tanadi gadon ɗaukar mara lafiya zuwa bakin hanya.

A nan nake ganin matsalarku ta farko take. Kin ce kuna faɗakar da su, kuma macen da ta ji faɗakarwa sau uku a kan abu ɗaya ba ta da dalilin barin girki da wanki ta zo ta ji na huɗu. Ku rage magana, ku yawaita tambaya. Maimakon ki karanta musu amfanin awon ciki, ki tambaye su me ya hana wance zuwa awo a watan jiya, za ki ji amsoshi na gaske: kuɗin mota, layin da ake bi tun safe har azahar, tsawar da wata ma'aikaciya ta yi mata, ko kuma maigida ya yi tafiya bai bar izini ba. Kowace daga cikin waɗannan amsoshi aiki ce da ƙungiya za ta iya yi. Mata goma zuwa goma sha biyar sun isa zama ɗaya, sau biyu a wata, kada ya wuce awa guda, kuma su matan ne za su zaɓi lokacin, ko da hantsi bayan yara sun tafi makaranta ko tsakanin azahar da la'asar. Yana da kyau zaman ya riƙa zagayawa gida-gida, saboda macen da ba a bari ta fita ba za a hana ta karɓar baƙi ba.

Masana lafiyar mata, tun daga 1994, suna bayyana mutuwar masu haihuwa da jinkiri iri uku: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na uku aikin hukuma ne da ma'aikata, amma biyun farko a cikin gida da unguwa suke faruwa, kuma su ne filin aikinku. Saboda haka ina ba ku shawara kowace mai ciki, kafin cikinta ya shiga wata bakwai, ta zauna da ɗaya daga cikinku a tsara haihuwarta: a wane asibiti za ta haihu, wa zai raka ta, lambar wane direba ko mai keke-napep za a kira idan naƙuda ta tashi da tsakar dare, nawa aka ajiye, kuma wane ɗan'uwa ne ya yarda zai ba da jini idan an buƙata. Mafi muhimmanci shi ne maigida ya ba da izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa ko wani babba a gidan, cewa idan abu ya taso ba ya nan a wuce da ita asibiti ba sai an jira shi ba. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu, kuma sau da yawa waɗannan awa biyun a neman maigida a waya suke ƙarewa. A jihohi da dama na Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da tsarin direbobin sa-kai masu kai mata asibiti cikin gaggawa, don haka ku aika a tambayi shugaban tashar da ke kusa da ku. Ku kuma buɗe ƙaramin asusu irin na adashi, kowace ta riƙa zuba abin da ta iya, mace biyu su riƙe lissafi, a ranta wa wadda gaggawa ta same ta, ta biya bayan suna.

Game da mazajen da suka hana matansu, ba na ganin za ku shawo kansu ta bakin matan. Namiji ya fi jin maganar ɗan'uwansa namiji, saboda haka ku nemi mai unguwa da limamin masallacinku su san da zaman, su ambace shi a majalisa, kuma mijinki ko wani dattijo da ake girmamawa ya je ya yi wa masu hanawar bayani a zaurensu. A jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar an kafa makarantun mazaje da tallafin Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta suke zama su tattauna lafiyar matansu, su kuma jawo hankalin sauran maza, kuma tsarin ya bazu zuwa wasu jihohin ƙasar da ƙasashe maƙwabta. Ba sai kun kafa makaranta ba, magidanta uku ko huɗu masu kishin abin sun isa su fara. Haka kuma kada ku manta da uwar miji da kaka, domin a gidajenmu su ne masu iko da jego, musamman a haihuwar fari da yarinya take komawa gidansu goyon ciki. Duk abin da kuka koya wa yarinya mai shekara goma sha takwas, idan surukarta ba ta yarda ba, a tsakar gidanki zai tsaya. Ku ware musu zama nasu lokaci-lokaci, ku fara da tambayar su yadda suka yi a zamaninsu, ku girmama abin da yake mai kyau a ciki. Ungozomar unguwa ma ku jawo ta, ta zama mai rakiyar mata asibiti, kada ta ɗauke ku a matsayin masu son raba ta da sana'arta.

Batun abokiyar aikinku mai faɗar magani kuwa, hankalinki ya yi daidai da bai kwanta ba, kuma dole a tsayar da shi a wannan makon. Ki yi mata magana a keɓe, cikin mutunci, ki nuna mata cewa akwai magungunan da suke cutar da ɗan tayi, akwai kuma ciwon kan da ake gani kamar na gajiya alhali hawan jinin ciki ne mai kai wa ga jijjiga, wanda ba a gane shi sai an auna jini da fitsari. Idan mace ta sha abin da aka faɗa mata a gidanki wani abu ya same ta, an cutar da ita, kuma ƙungiyar ta mutu daga ranar. Ku rubuta wannan ƙa'ida, ku karanta ta a farkon zama: a nan ba a rubuta magani, ba a duba ciki, ba a karɓar haihuwa. Sai ku je cibiyar lafiya matakin farko ta mazaɓarku ku gabatar da kanku ga shugabanta da kwamitin ci gaban mazaɓa, ku roƙi a ba ku ma'aikaciya ɗaya da za ta riƙa zuwa ko da sau ɗaya a wata biyu, wadda kuma za ku iya kira. Ku tambaya ko akwai matan shirin CHIPS, wanda hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa ta ƙaddamar a 2018, domin an horar da su a kan ziyarar gida-gida.

Abin da ya halatta ku koyar, ya kuma kamata kowace 'yar ƙungiya ta haddace, shi ne alamomin haɗari. Ga mai ciki ko mai jego: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, raguwar motsin ɗa, naƙudar da ta wuce awa goma sha biyu, da mabiyiya da ta ƙi fita. Doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari, kuma duk wanda ya taɓa ganin matan da ke jinya a asibitin Babbar Ruga a Katsina ba zai yi wasa da ita ba. Ga jariri: ƙin kama nono, numfashi da sauri, zafin jiki ko sanyinsa, shawara a ido da tafin ƙafa, da cibiya mai ja ko ruwa. Sauran tunatarwa ce kawai: awo sau takwas kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a 2016, shan maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa wurin awo, kwana cikin gidan sauro, da rigakafin yaro ranar haihuwa, sai a mako 6, 10 da 14, sannan a wata 9 da wata 15.

Inda za ku fi buƙatar haƙuri shi ne al'adun jego. Har yanzu akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar ana cewa ƙazanta ne, alhali shi ne kariyar farko ta jariri, kuma ana so a sa yaro a nono cikin awa ɗaya da haihuwarsa. Ana so ya sha nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a ba shi, domin mafi yawan nono ruwa ne kuma yana kashe masa ƙishi ko a zafin bazara. Bayan nan a haɗa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, wanda ke kin fi ni sanin ya dace da aya ta 233 a Suratul Baƙara. Cibiya kuma a bar gasa ta da shafa mata man goge baki ko toka, a yi amfani da man kulorhekzidin da ake bayarwa a asibiti. Ke da kike Zariya, ya kamata ki san cewa tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a yankinku, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da gashi. Ban ce ku yi yaƙi da wankan jego ba, domin yana tattare da hutu da kulawar da mai jego take buƙata. Ku roƙi iyaye a sirka ruwan, a rage kanwa sosai, mai hawan jini kuma a ɗauke mata ita gaba ɗaya. Mai jegon da take haki, ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, asibiti za a kai ta a ranar.

Da yake mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, a lokacin da ta fi buƙatar ku ba za ta zo zama ba, ku ne za ku je. Ku raba gidaje a tsakaninku, a leƙa ta a kwana uku na farko, a sake komawa bayan suna idan 'yan barka sun watse, domin a nan kaɗaici yake farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. A wurinmu kunyar ɗan fari takan rufe shi, a ga yarinya ta yi shiru ba ta kula jaririnta a ce kawaici ne. Idan kuka ga kuka ba dalili, rashin barci ko da yaro ya yi barci, da ƙin abinci sun wuce mako biyu, a haɗa ta da ma'aikaciyar lafiya. Idan ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, ko tana surutai, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti nan take. Wadda ta yi ɓari ko jaririnta ya koma, ita ma 'yar ƙungiya ce, kada a daina zuwa wurinta. Duk wannan ba zai yiwu ba sai da riƙon sirri, kuma duk wadda ta fitar da maganar wata waje a yi mata gargaɗi, idan ta sake a sallame ta.

Masu tambayar abin da za a raba, ki gaya musu gaskiya tun farko cewa babu, kada ki yi alkawarin da ba ki da shi, domin taron da sabulu ya tara yana watsewa ranar da sabulu ya ƙare. Idan wani ya kawo gudummawa, a sa ta a asusun gaggawa a faɗa wa kowa. Kada ku karɓi kyautar madarar gwangwani ko bulumboti daga 'yan kasuwa, domin ƙa'idar duniya ta 1981 ta hana tallata su ga iyaye mata, kuma NAFDAC ce ke kula da wannan a Najeriya. Ku huɗun kuma ku raba aiki yadda ba zai taru a kanki ba: ɗaya ta riƙe littafin sunaye da watan haihuwar kowace, ɗaya ziyara, ɗaya hulɗa da asibiti, ke kuma jagorancin zama. Duk matar da ta yaye ɗanta a cikinku kuma kuka ga tana da natsuwa, ku fara ba ta jagorancin zama a gidanta, saboda wata rana ɗayanku za ta yi tafiya ko ita ma ta shiga jego. Mata biyar ɗin da suka rage sun isa a fara da su, kuma a zamanku na gaba ki tambayi kowace wa zai kai ta asibiti idan naƙuda ta kama ta yau da dare, ki rubuta amsar, wadda ba ta da amsa kuma a nemo mata kafin a tashi.