Ba lalacewa Vim ya yi ba, maus ya ƙwace maka

Yaro, saƙonka ya iso. Ka ce ka ɗaga tsohuwar sabar nan ta mai kantin magani daga tsarin Linux na Debian 8 zuwa na gaba, komai ya tashi lafiya, amma yanzu in ka shiga ta PuTTY, manhajar shiga saba daga nesa, ka buɗe fayil da Vim, manhajar gyaran rubutu, ka ja maus a kan rubutu ba ya kwafuwa, ka danna dama ba ya mannuwa, sai wani `-- VISUAL --` da ke fitowa a ƙasan allo. Kana tambaya ko ka goge Vim ka sake sa shi, ko ka koma nano, wata manhajar gyaran rubutun.

Kada ka goge komai. Da a shago ka yi mini wannan tambayar da na ce ka kammala aikin gabanka tukuna, amma abin da ka faɗa ya taɓa mini wani tsohon miki, don haka zauna ka karanta har ƙarshe.

Kafin komai, in akwai fayil a buɗe a gabanka yanzu kuma ba ka san abin da yatsunka suka danna a cikinsa ba, danna Esc, ka rubuta `:q!` ka fita. Ban ce `:wq` ba. Za ka ga dalili.

Ga abin da ya faru. A da, in ka ja maus a cikin PuTTY, PuTTY ne ke ganin jan, shi ke kwafe rubutun, Vim ko labari bai ji ba. A watan Satumba na 2016 Bram Moolenaar, mutumin Holan da ya rubuta Vim, ya fitar da Vim 8.0, a ciki ya sa wani fayil mai suna `defaults.vim` domin sababbin shiga. Duk wanda ba shi da nasa `.vimrc`, wato fayil ɗin saitin Vim, a gidansa na cikin injin, wannan fayil ne ke tashi a madadinsa, kuma a cikinsa akwai layin `set mouse=a`. Wato Vim ya ce wa PuTTY: duk motsin maus ka miƙo mini, ni zan ji da shi. Debian 9 ta fito a watan Yuni na 2017 da wannan Vim ɗin, daga nan duk wanda ya ɗaga sabarsa ya wayi gari da abin da kake gani. Kai kana jin kana kwafa, alhali zaɓar layuka kake yi a cikin fayil ɗin kansa, kuma duk maɓallin da ka taɓa bayan haka umarni ne a kan layukan da ka zaɓa.

Ba ni za ka yarda da ni ba, tambayi injin. A cikin Vim rubuta `:verbose set mouse?` zai nuna maka abin da aka sa, ya kuma faɗa maka fayil ɗin da ya sa shi. Wannan ne ya kamata ka fara yi kafin ka ɗauki waya ka nemi ni. Ku yaran yanzu ba ku son tambayar injin da ke gabanku, kun fi son ku ruga YouTube ku kwafo layi goma daga wanda bai taɓa ganin sabarku ba, ku zuba, in ya yi aiki ba ku san dalili ba, in bai yi ba ku ce a sake sa tsari. Mu da muka koyi aikin nan lokacin da intanet sai an je kafe an biya kuɗin awa, takardar `:help` muke karantawa har mu gane.

Yanzu bari in ba ka labarin abin da wannan layi ɗaya ya jawo mini.

Akwai wani Alhaji, babban dila na kayan masarufi a kasuwar Singa. Ni na haɗa masa saba, na sa masa manhajar lissafin kaya da bashi, na ja waya zuwa kwamfutocin akawunsa, na sa batura. Na rubuta masa ɗan fayil da ke tashi kowane dare: layin farko ya zazzage duk bayanan ranar ya tara su a fayil guda, wani layi can ƙasa ya kwafe wannan fayil ɗin zuwa faifai na biyu. Shekaru ana haka ba a taɓa rasa ko sisi a lissafi ba. Sai ya fara ja mini rai wajen biya. Yau kaya ba su iso ba, gobe dala ta tashi. Kuɗin rabin shekara suka taru a kansa, ga kuɗin batura da na saya daga aljihuna don kada sabar ta riƙa mutuwa in an ɗauke wuta. Rannan ya kira ni ya ce in huta da zuwan da nake yi duk wata, wai ɗan ƙanin matarsa ya gama karatun kwamfuta, shi zai riƙa duba injin, kuɗina kuma bayan Sallah. Na ba yaron kalmar sirri, na ce masa abu ɗaya: kada ka ɗaga tsarin nan sai ka kira ni.

Bai kira ba. Ya ga Debian 9 ta fito, ya zauna da dare ya ɗaga. Debian 9 ta zo da PHP 7.0, ta kuma sauya MySQL da MariaDB, manhajar lissafi ta ƙi tashi. Cikin laluben gyara ya buƙaci kalmar sirrin ma'ajiyar bayanai, ya tuna tana rubuce a cikin fayil ɗina na dare, a daidai layin da ke zazzage bayanan. Ya buɗe da Vim ta PuTTY, ya ja maus a kan layin don ya kwafa. Ya je ɗaya tagar ya danna dama, bai ga abin da ya kwafa ba. Ya dawo ya sake ja, ya danna dama a nan, zaɓin ya ƙara faɗi ya haɗa da layukan kusa. Ya ga rubutu ya yi fari ya ƙi komawa, sai ya danna Delete wai ya cire farin. Layukan suka tafi. Da ya san `u` guda ɗaya da sun dawo. Da ya san `:q!` da fayil ɗin na nan yadda na bar shi. Hanyar fita ɗaya ya haddace a makaranta, `:wq`, ita ya rubuta, ya ajiye ɓarnar, ya yi shiru da bakinsa.

Ka lura da sharrin abin. Layin da ke kwafewa zuwa faifai na biyu bai taɓu ba. Kowane dare yana tashi, ya ɗauki tsohon fayil ɗin nan da ba a ƙara masa komai ba, ya kwafe, ya gama ba tare da kuka ba. Duk wanda ya leƙa zai ga fayil a faifai na biyu ya ce alhamdu lillahi. Watanni ana haka.

Sai damina ta zo, wata rana wuta ta ɗauke ana tsakiyar shigar da kaya, batura kuma an bar su sun bushe don ba mai duba ruwansu. Ma'ajiyar bayanai ta lalace. Nan aka tuna da ni. Na bar aikin da nake yi na hau babur. Na buɗe ajiyar dare, na ga bayanan ciki sun tsaya tun daren da aka ɗaga tsarin. Duk bashin da 'yan kiri suka ɗauka tun daga lokacin, buhunan shinkafa, katan-katan na taliya, jarkokin mai, babu su a rubuce ko'ina sai abin da akawu zai iya tunawa da ka.

Alhaji ya miƙe a gaban yaransa da kwastomominsa ya ce ni na yi masa aikin banza, ajiyata ba ta taɓa aiki ba, cin kuɗinsa kawai nake yi. Ban ce masa uffan ba. Na zauna na buɗe `/var/log/apt/history.log`, ga rana da lokacin da aka ɗaga tsarin. Na duba ranar da aka taɓa fayil ɗina na ƙarshe, daren nan ne. Sannan na buɗe `/root/.viminfo`. Vim yana ajiye abin da aka goge a cikin rajistocinsa, yana kuma rubuta su a wannan fayil ɗin in an fita, yaron kuwa tun daren bai ƙara kusantar Vim ba. Layukana na nan zaune a ciki, harafi da harafi, yadda na rubuta su da hannuna. Na juya allon na nuna wa Alhaji, na kira yaron na ce karanta. Ya karanta, ya sunkuyar da kai, ya faɗi yadda aka yi.

Kana jin an biya ni? Alhaji ya ce ai da na rubuta fayil ɗin yadda ba zai gogu ba. Ya ce maganar gida ce, za su yi ta a gida, ni kuma in ceto abin da zai cetu tukuna a yi lissafi gaba ɗaya. Na kwana a wurin ina tono abin da ya rage a teburan da suka lalace, na fito masa da mafi yawan lissafin kaya. Kuɗin wannan daren, da na rabin shekara, da na batura, har yau ɗin nan da nake rubuta maka ban ga ko naira ba. Abin da ya fi ci mini rai ma ba kuɗin ba ne. A layinsu ya riƙa faɗa cewa injina ne ya cinye masa bashi, diloli biyu da muka riga muka yi magana suka janye. Yaron kuwa aka tura shi wani reshe ya ci gaba da taɓa injuna. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

To ga gyaran. In sauri kake yi, riƙe Shift lokacin da kake jan maus ko danna dama, PuTTY zai karɓe maus ɗin daga hannun Vim, ka kwafa ka manna yadda ka saba. Shift da Insert ma yana mannawa. Wannan na yau ne kawai.

Na dindindin, yawancin abin da za ka gani a intanet shi ne ka sa `set mouse=` a `/etc/vim/vimrc`. Ba zai yi ba, domin `defaults.vim` yana tashi ne bayan wannan fayil ɗin, ya sake kunna maus. Wasu za su ce ka buɗe `defaults.vim` ɗin kansa a ƙarƙashin `/usr/share/vim` ka goge layin. Zai yi aiki har ranar da aka sabunta Vim, a mayar da shi yadda yake, kwastoma ya kira ka ya ce gyaranka bai riƙe ba. Wasu kuma su ce ka ƙirƙiri `.vimrc` ko da wofi ne. Maus zai saku, amma launin rubutu da sauran abubuwa masu amfani da `defaults.vim` ke kunnawa su ma za su tafi, sannan in ka shiga da sudo a matsayin root, mai cikakken iko a injin, gidan root Vim zai duba, ba naka ba, matsalar ta dawo a daidai lokacin da kake taɓa fayil mafi haɗari.

Abin da nake yi a kowace saba ta Debian shi ne in buɗe `/etc/vim/vimrc.local` in sa layi uku, a wannan jerin:

`source $VIMRUNTIME/defaults.vim`
`let g:skip_defaults_vim = 1`
`set mouse=`

Na farko ya kira fayil ɗin da kansa, na biyu ya hana shi sake tashi daga baya, na uku ya kashe maus. In ka juya na farko da na biyu, `defaults.vim` zai ga an ce kada ya tashi ya fita bai yi komai ba. Yadda ake buɗe fayil da ajiyewa ba zan koya maka ba, in ba ka iya wannan ba bai kamata a bar ka da sabar mutane ba.

Akwai wasu cututtuka masu kama da wannan, kada ka haɗa su. In a kwamfuta mai tebur kake, kana so umarnin kwafa `"+y` ya kai rubutu zuwa burauza amma ya ƙi, duba `vim --version`. In ka ga `-clipboard`, Vim ɗin da aka sa maka ba a gina shi da wannan ba, sa `vim-gtk3`. In Ubuntu 22.04 aka ɗaga zuwa gare ta, duba `echo $XDG_SESSION_TYPE`, in ya ce wayland kuma Neovim, wani reshen Vim, kake amfani da shi, to zai so `wl-clipboard`, kuma `:checkhealth` zai faɗa maka abin da ya rasa. In ka manna rubutu layuka suka riƙa matsawa dama kamar matakala, `:set paste` kafin ka manna, `:set nopaste` bayan ka gama. Waɗannan duk ƙanana ne, ba su goge wa kowa fayil.

Naka shi ne mai gogewa. Ka ce tun jiya kake fama, wato ka buɗe fayiloli da yawa kana jan maus a cikinsu, kuma na san hannunka, `:wq` yake zuwa da kansa. Don haka bayan ka sa layukan nan uku kada ka rufe PuTTY. Rubuta `find /etc /root /usr/local -type f -mtime -2` ka ga duk abin da aka taɓa cikin kwana biyu. Da yawa ɗaga tsarin ne ya taɓa su, amma kai ka san waɗanda ka buɗe da hannunka, kuma `:oldfiles` zai tuna maka in ka manta. Kwatanta kowanne da kwafin da ka ɗauka kafin ka fara, in dai ka ɗauka kamar yadda na koya maka. Sannan ka tayar da fayil ɗin ajiyar dare da hannu, ka buɗe abin da ya fitar, ka nemo cinikin yau a ciki da idonka. Sai ka ga maganin da aka sayar da safiyar nan a cikin ajiyar, sannan ka je ka ce wa mai kanti an gama. Ka sa ya sa hannu a takarda cewa ba wanda zai taɓa sabar sai mu, ka karɓi rabin kuɗin kafin ka fito, ka zo mini da takardar gobe da safe.